Mota ta kaɗe ka ta tsere: wa zai biya, kuma ta wace ƙofa ake bi?

Wata Litinin ce a farkon damina. Ƙanen mahaifiyata yana dawowa daga kasuwar Shuwarin a kan Boxer ɗinsa, ya ɗauro buhun taki a baya. Gab da magariba wata motar dakon kaya kanta mai ɗauke da awaki ta fito wuce tirela, ta shigo hannunsa, ta doke shi ya wuntsila gefen kwalta. Direban ko birki bai taɓa ba. Kafin mutane su taru, ƙura kaɗai ake hange. Ƙashin ƙaurinsa ya karye, gaban babur ya lanƙwashe, taki ya watse a titi kamar an yi shanya.

Washegari da na je duba shi, yana kwance an ɗaure ƙafar, abin da ya fara ce mini shi ne: "Ɗan nan, ɗauko mini ledar takardun babur a ƙarƙashin katifa. Ai ina da inshora, duk shekara sai na biya." Na ɗauko, na karanta, na rasa ta inda zan fara. Na ce: "Kawu, wannan takardar taka, wanda ka buge take biya. Kai da aka buge, takardar mai kantar can ce za ta biya ka." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce: "To ai ya gudu."

A nan duk ƙullin yake, kuma mafi yawanmu a karkara ba mu san shi ba sai ranar da abin ya faɗo mana.

Inshorar da doka ta wajabta wa duk abin hawa a Najeriya ita ce ta ɓangare na uku, wadda direbobi ke kira tad fati. Ɓangare na farko kai ne mai abin hawa, na biyu kamfanin inshora, na uku duk wani da abin hawanka ya cutar: mai tafiya a ƙasa, mai babur, mai wata motar, mai shanun da ke tsallake titi, mai amalanke, har mai shagon da mota ta kutsa. Wajabcin ya samo asali daga dokar 1945, tun zamanin Turawa. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur naira 3,000 ne, iyakarsa miliyan 1. A daidaita sahu 5,000, iyaka miliyan 2. Babbar motar dakon kaya 100,000, iyaka miliyan 5. Wannan iyaka ta dukiya ce kawai. Rauni a jiki da rasa rai ba a yanka musu irin wannan adadi ba, ana duba girman cutar ne, a daidaita ko kotu ta yanke.

Ke nan kuɗin yana nan, amma yana rataye a jikin lambar motar da ta buge ka. Idan an san lambar, an san mai ita, an san kamfaninsa. Idan lambar ta tafi da ƙura, takardar da ke aljihunka ba za ta gyara maka ko madubi ba.

Shi ya sa awa ashirin da huɗun farko suka fi komai tsada. Rai ne gaba, babu gardama: a ɗauki mai rauni, a kira 122 na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ko 112 na gaggawa, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Amma cikin mutum talatin da suka taru a bakin titi, ba duka ne za su ɗauki majinyaci ba. Mutum ɗaya ya tsaya ya tambaya tun ido bai manta ba: wa ya ga lamba, ko rabinta? Wane launi? Me aka rubuta a bayanta? Me ta ɗauko, ina ta nufa? Haruffa ukun farko na lambar mota suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi mata rajista, kamar DUT na Dutse ko DAL na Dala, don haka ko su kaɗai aka riƙe an rage daji. A ɗauki hoton wurin kafin a janye komai: inda babur ya faɗi, sawun taya, fasasshen gilas, fentin da motar ta goga. Ɓallin fitila ko guntun bamba da ya faɗi a wurin, a tsince a adana. Sau da yawa shi ne shaidar da direba ba zai iya musawa ba, domin za a kai shi a ɗora a gurbinsa ya zauna daram.

Mu abin da ya cece mu yaro ne mai sayar da fetur a galan a bakin hanya. Ya riƙe haruffa uku da lamba biyu, ya ce kantar shuɗiya ce, an yi rubutu da jan fenti a ƙofar bayanta. Da wannan muka je wurin shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha. Motar da ke lodin dabbobi ranar kasuwa ba baƙuwa ba ce; 'yan kamasho sun san wanda ya yi lodi, sun san inda ya nufa, sun san maigidansa. Cikin kwana uku aka gano ta a wani gareji ana buga mata gefe.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Ba duk direban da ya ƙi tsayawa ne mara imani ba. Da yawa tsoro ne ke korarsu, domin sun ga inda aka yi wa direba taron dangi aka cinna wa mota wuta kafin a tambayi yadda abin ya faru. A tsakanin direbobi har nasiha suke yi wa juna: idan ka buge mutum a ƙauye kada ka tsaya, wuce caji ofis na gaba ka miƙa kanka. Saboda haka kafin a yanke cewa mota ta ɓace, a leƙa ofishin 'yan sanda na gaba da na baya a kan hanyar, a tambayi shingen jami'an kiyaye haɗurra. Wani lokaci motar tana can a fake tun daren. Garin da ya yi suna da dukan direbobi kuwa, da hannunsa yake korar lambar da 'ya'yansa za su buƙata gobe. Wannan magana ce ta masu unguwa da dagatai da limamai, su ne ake ji.

Sai rahoton 'yan sanda. Na san yadda mutanenmu ke gudun caji ofis, ga ɓata lokaci ga kashe kuɗi, amma a hatsarin da mai laifi ya tsere, babu kamfanin da zai saurare ka ba tare da wannan takarda ba. Sashen kula da haɗurran mota na 'yan sanda ne ke zuwa ya zana wurin, ya ɗauki bayanin shaidu, jami'in bi'ayo, wato mai kula da lafiyar ababen hawa, ya duba abin hawa ya rubuta ɓarnar. A kai rahoto a ranar, ko washegari da safe. Rahoton da aka kai bayan sati biyu, tambayar farko da zai jawo ita ce ina kuke tun tuni. A karanta abin da aka rubuta kafin a sa hannu, a tabbata rana da lokaci da wuri sun yi daidai, kuma an rubuta ƙarara cewa ɗaya motar ta gudu.

Idan an gano motar, abu na gaba shi ne a san ko inshorarta ta gaske ce. Nan ma akwai rami. Mutane da yawa ɗan tsakani suke bai wa kuɗi ya haɗo musu takardun mota gaba ɗaya, ya kawo wata takarda mai tambari da sunan inshora wadda babu kamfanin da ya san da ita. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake shigar da duk inshorar mota ta gaskiya. Ko da ƙaramar waya ana dubawa: a danna *565*11#, a sa lambar motar. Da intanet kuma akwai shafin askniid.org. Tun 1 ga Fabrairun 2025 da rundunar 'yan sanda ta ƙasa ta fara matsa lamba a kan wannan inshora, an ƙara samun masu yanka, amma har yanzu gani ya kori ji. Idan ta fito da sunan kamfani, kuma kwananta bai ƙare ba a ranar hatsarin, ka samu ƙofa. Idan jabu ce, kamfani ya fita daga maganar, saura kai da mai motar, ta sulhu ko ta kotu. Na ce mai motar, domin idan direba yana kan aikin maigidansa ya yi ɓarna, doka tana kama maigidan ma.

Ta kantar nan ta gaske ce, muka gode wa Allah. Sai dai mai ita ya so a rufe maganar a zaure. Ya zo da goro da mutum biyu, ya ce wa kawu: "Malam, a rufa asiri, ƙaddara ce. Ga ɗan abin da ya sawwaƙa a sayi magani." Kawu har ya fara cewa babu komai. Ni na roƙi dattawa su ba ni dama, na ce: "Alhaji, ba aljihunka muke nema ba. Ka biya kamfani kuɗi domin rana irin ta yau. Abin da muke roƙo shi ne ka sanar da su, ka ba mu hoton takardar." Nan take fuskarsa ta saki, domin shi kansa bai taɓa sanin takardar tana da wani amfani bayan nuna wa jami'ai a hanya ba.

Wani zai ce ai direban ya gudu, ya karya sharaɗi, kamfani zai fake da wannan. Tun dokar 1945 an toshe wannan kafa a kan rauni da rasa rai: abin da mai inshora ya yi ko ya ƙi yi bayan hatsari ba ya zubar da haƙƙin wanda aka cutar. Wannan rigima ce tsakanin kamfani da mutuminsa. Kai dai ka rubuta wa kamfanin takarda da kanka, da kwanan wata, ka haɗa hoton rahoton 'yan sanda da na likita da rasit da ƙiyasin gyara, ka sa a buga maka tambarin karɓa a kwafinka. Kada ka dogara da cewa mai motar ya ce ya faɗa musu. Idan magana ta kai ga shigar da ƙara, a sanar da kamfanin a rubuce tun farko, domin rashin sanarwa na iya ba shi hanyar zamewa daga biyan abin da alƙali ya yanke.

Kamfani da takarda yake aiki, mu kuma da baki muka saba, kuma a nan ake cinye mu. Karaya a ƙauye, wurin mai ɗori ake fara nufa. Ban raina ɗori ba, na ga ƙafafun da ya miƙar. Amma mai ɗori ba ya ba da rasit, ba ya rubuta rahoto, kuma ma'aikacin inshora da ke zaune a Legas ko Abuja ba shi da gurbin da zai shigar da "an ba mai ɗori tunkiya". Ko da iyali sun zaɓi ɗori, a fara zuwa asibiti a ɗauki hoton ƙashi, likita ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. Daga babban asibitin ƙaramar hukuma har zuwa Birnin Kudu, Dutse ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, duk inda aka taka a karɓi takarda. Rasit ɗin kemis, kuɗin motar da ta kai majinyaci, katin asibiti, a zuba su a leda guda a hannun mutum guda. Haka abin hawa: kada bakanike ko fanel bita ya taɓa shi sai mai ƙiyasta ɓarna na kamfani ya zo ya gani, ko kamfanin ya ba da izini a rubuce. Wanda ya gyara kafin a duba ya goge shaidarsa da kuɗinsa.

Idan rai aka rasa, abin ya fi nauyi. Mu ba ma jinkirta jana'iza, kuma daidai ne. Amma kafin a kai mamaci makwancinsa, a samu likita ya tabbatar da rasuwar a rubuce, 'yan sanda su shigar da ita a littafi, daga baya a karɓi takardar shaidar mutuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, da takardar kotu mai nuna magada. A zaman makoki ne ake yawan jin wani babba a dangi ya miƙe ya ce mun yafe. Yafiya alheri ce, amma kowa rabonsa yake yafewa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta tabbatar da diyya a kisan kuskure, haƙƙin magada ce, kuma baffa ba shi da hurumin kyautar da rabon marayun da ba su balaga ba don a ce shi mutumin kirki ne. Kamfanin inshora ba da lissafin diyyar Shari'a yake biya ba, da yarjejeniyarsa da dokar ƙasa yake aiki, amma abin da zai bayar na iya zama kuɗin makarantar yaran nan da abincinsu na shekaru.

To idan motar ta tafi ke nan, ba lamba, ba labari fa? Ƙofa biyu suka rage, ɗaya a buɗe ga kaɗan, ɗaya ƙunƙuntacciya.

Ta farko ita ce cikakkiyar inshora, wadda ke biyan ɓarnar motarka kai kanka ko da ba a san wanda ya buge ta ba. NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, wato motar naira miliyan 6 za ta ci aƙalla 300,000 a shekara. Shi ya sa a karkara sai ka yi yawo ba ka ga mai ita ba, in ban da motocin da aka saya da bashin banki ko na ma'aikatu. Mai irin wannan ya sanar da kamfaninsa nan take, ya duba kwanakin da takardarsa ta ba shi. Ya kuma san cewa akwai kason da aka rubuta shi zai ɗauka daga kowace asara, kamfani ya cika sauran, kuma za a iya rage wani abu idan an sa sabon kaya a madadin tsoho. Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne wannan: mota an yi mata inshora a matsayin ta gida, amma ranar Alhamis tana lodin fasinja zuwa Maigatari, ranar Juma'a zuwa Wudil. Idan hatsari ya same ta tana haya, kamfani yana da hujjar ƙin biya. Haka idan wanda ke tuƙi ba shi da lasin. Kuma idan bayan an biya ka aka gano mai laifin, kada ka je ku sasanta a ɓoye. Haƙƙin bin sa ya koma hannun kamfanin da ya biya ka. Ga masu ƙyamar inshora saboda addini, tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, tsarin taimakekeniya da ke ƙarƙashin kulawar malamai, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful masu yin na mota.

Ta biyu asusu ne na gwamnati. Dokar Inshora ta 2003 ta tanadi a biya diyya ga wanda direba mara inshora ko wanda ba a gano ba ya kashe ko ya nakasa har abada, ta hannun NAICOM. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a shekarar 2025 ta maye gurbin tsofaffin dokokin, ta kuma kafa asusun diyya na waɗanda hatsarin mota ya rutsa da su. Wannan tanadi na jiki ne da rai. Babur ko saniya ko amalanke ba sa ciki. A duk zaman makokin hatsari da na halarta a yankinmu, ban taɓa jin wani ya ambaci wannan asusu ba, kuma wannan yana ci mini rai, domin matar da aka kashe wa miji a kan hanyar Gujungu ko Kwanar Huguma ita ce ainihin wadda aka rubuta dokar dominta. Takardun da ake nema su ne dai waɗancan: rahoton 'yan sanda mai cewa ba a gano motar ba, rahoton likita ko shaidar mutuwa, takardar magada. A rubuta wa NAICOM a nema. Ita ce kuma wurin kai ƙorafi idan kamfani ya amsa zai biya sannan ya shiga jan ƙafa, tana da sashen karɓar koke, kuma kamfanoni suna shakkarta domin lasisinsu a hannunta yake.

Abu na ƙarshe da za a miƙo maka shi ne takardar sallama, wadda ke cewa ka karɓi kaza kuma ba ka da sauran magana. Daga ranar da ka sa hannu ƙofa ta rufe. Kada a sa hannu majinyaci yana kwance ba a san ko ƙafar za ta koma daidai ba, kuma wanda ba ya karanta Turanci ya nemi nasa mutumin ya karanta masa, ba wanda ya kawo takardar ba. Tayin farko ba wahayi ba ne, ana iya cewa bai isa ba a kawo hujja.

Kawu ya jira har likita ya sallame shi kafin ya dangwala. An biya gyaran babur, an biya hoton ƙashi da magungunan da muke da rasit ɗinsu. Abin da aka kashe wurin mai ɗori a makon farko, kafin mu shawo kansa ya je asibiti, bai shiga ba. Watannin da ya yi bai taka gona ba mun sa a takarda, aka yi ta ja, aka ba da wani abu kaɗan. Buhun takin kuwa ko ambatonsa ba a yi ba, domin ruwan daren nan ya wanke shi kafin wani ya tuna ya ɗauki hoto.